Mata a littattafan Yahudawa da na Kiristocin farko: tambayoyi da amsoshi

Da yawa daga cikin abin da mutane suka sani game da Hawwa'u, ko Hajara, ko Maryamu Magadaliya, ba daga nassin littattafan ya fito ba, daga bakin masu sharhi ne waɗanda suka zo bayan ɗaruruwan shekaru. Wannan shafi yana ƙoƙarin raba biyun. Bayani ne na abin da littattafan suka ƙunsa da yadda mabiyansu suka fassara su, ba hukunci ba ne a kan aƙidar kowa. An rubuta sunayen littattafai yadda masu karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa suka saba da su.

Waɗanne littattafai ake magana a kai?

Na farko shi ne littafin Yahudawa, wanda suke kira Tanak, Kiristoci kuma suke kira Tsohon Alkawari. Mafi yawansa da Ibrananci aka rubuta, kuma littattafai biyar na farkonsa su ne Attaura. Na biyu shi ne Sabon Alkawari, littattafai 27 da Girkanci, cikinsu har da Linjila huɗu da wasiƙun manzo Bulus. Sai kuma sharhi, wanda ya ninka nassin girma: Mishna da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, Talmud, tafsirin da ake kira Midirash, da rubuce-rubucen manyan malaman coci na ƙarnonin farko. Kusan dukkan masu wannan sharhi maza ne.

Shin Attaura ta ɗora wa Hawwa'u laifin fitowa daga gonar Adnin?

Ba ita kaɗai ba. A Farawa sura ta 2, an yi wa Adamu hani a kan itacen tun kafin a halicci matar. A sura ta 3 aya ta 6, nassin Ibrananci ya ce ta ci, ta ba mijinta wanda yake tare da ita, shi ma ya ci. Wato yana wurin ana maganar, bai ce uffan ba. Da aka zo tuhuma, shi aka fara kira, kuma hukunci ya hau kan su ukun, maciji da mace da namiji. Bayan labarin haihuwar 'ya'yanta, sauran littattafan Tanak ba su sake kawo sunan Hawwa'u ba, balle su ce ita ce asalin zunubi.

Wannan zargin ya fito fili ne wajen shekara ta 180 kafin miladiyya, a littafin wani malamin Urushalima mai suna Ben Sira, inda ya ce daga mace zunubi ya fara, kuma saboda ita ne kowa ke mutuwa. A Sabon Alkawari magana biyu ce. Wasiƙar Romawa sura ta 5 ta ce ta hanyar mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, tana nufin Adamu. Wasiƙar Timoti ta farko kuwa ta ce ba Adamu aka yaudara ba, matar ce. Masu sharhi sun fi riƙe ta biyun. Tatuliyan, wani malami a birnin Kataj da ke Tunisiya ta yau, ya rubuta wa mata wajen shekara ta 200 cewa su ne ƙofar Iblis. Da Jerom, wani malamin coci, ya fassara littafin zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, kalmomin nan "tare da ita" ba su fito a fassararsa ba, kuma wannan fassarar ce Turai ta yamma ta karanta fiye da shekara dubu. Duk wanda ya karanta ta zai ɗauka Adamu yana can wani wuri aka je aka kawo masa.

Mai karatu Musulmi zai lura cewa Alkur'ani ya kawo labarin da lafazin mutum biyu, Shaiɗan ya yi musu waswasi su biyu, suka ci su biyu, suka tuba su biyu, kuma bai ambaci sunan Hawwa'u ba.

An ce Adamu yana da wata mata kafin Hawwa'u mai suna Lilit. Gaskiya ne?

Babu wannan a Farawa. Sunan ya zo sau ɗaya tak a Tanak, a Ishaya 34:14, cikin jerin halittun da ke zama a kufai. Labarin cewa ita ce matar farko da ta ƙi yi wa Adamu biyayya ta gudu, an same shi ne a wani littafin tatsuniyoyi na Yahudawa da aka rubuta tsakanin ƙarni na 8 da na 10 miladiyya.

Me littattafan suka ce game da Hajara?

Farawa sura ta 16 da ta 21 sun nuna ta a matsayin baiwa 'yar Masar a gidan Ibrahim da Saratu. Nassin bai ɓoye cewa Saratu ta gallaza mata har ta gudu da ciki ba. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne darajar da labarin ya ba ta. Ita ce mutum ta farko a littafin da mala'ikan Ubangiji ya bayyana gare ta, ya kira ta da sunanta. An yi mata alkawarin zuriya mara ƙirguwa, irin alkawarin da aka yi wa Ibrahim. Kuma ta kira Allah da suna, ta ce shi ne Allah mai ganinta.

Masu sharhi sun rabu a kanta. Bulus a Galatiyawa sura ta 4 ya mai da ita misalin bauta, Saratu kuma misalin 'yanci, wannan misalin kuwa ya bi ta cikin wa'azin coci har ya rufe ainihin labarin. Amma wani Midirash ya ce 'yar Fir'auna ce, wani kuma ya ce ita ce Ketura wadda Ibrahim ya aura bayan rasuwar Saratu, wato ya dawo da ita. Nahmanides, babban malamin Yahudawa a Sifen a ƙarni na 13, ya fito fili ya ce Saratu ta yi zunubi da ta wulaƙanta ta, Ibrahim ma ya yi da ya bari. A ganina wannan shi ne karatun da ya fi yi wa nassin adalci. A wajen Musulmi kuwa, kowane alhaji da ke sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sawun Nana Hajara yake bi.

Akwai annabawa mata a Tanak?

Akwai, nassin da kansa ya kira su haka. Maryamu 'yar'uwar Musa tana Fitowa 15:20, annabi Mika kuma ya lissafa ta tare da Musa da Haruna cikin waɗanda aka aiko su ja gaban jama'a. Debora tana Littafin Mahukunta sura ta 4 da ta 5. Annabiya ce kuma alƙaliya, tana zama ƙarƙashin dabino tsakanin Rama da Betel, Isra'ilawa na zuwa wurinta da ƙararrakinsu. Ita ta kira Barak ta umarce shi ya fita yaƙi da Sisera mai karusan ƙarfe 900, shi kuma ya ce ba zai je ba sai da ita. Waƙar da ke sura ta 5 tana cikin tsofaffin waƙoƙin Ibrananci da suka iso gare mu.

Wadda ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce Hulda, domin mutane kaɗan ne suka san ta. A shekara ta 18 ta mulkin sarki Yosiya, wajen 622 kafin miladiyya, ana gyaran Haikali sai aka tsinci wani littafin shari'a. Da aka karanta wa sarki, ya yage tufafinsa, ya aiki mutum biyar, cikinsu har da babban firist Hilkiya da magatakarda Shafan, su nemo masa faɗar Ubangiji. Wurin Hulda suka je, matar Shallum mai kula da tufafi. Ita ce ta tabbatar musu cewa abin da ke cikin littafin zai auku, kuma a kan maganarta sarki ya yi gyaran addini mafi girma a tarihin Yahuda. Labarin yana 2 Sarakuna sura ta 22. Marubucin bai nuna mamaki ko kaɗan ba don mace aka tambaya.

Masu sharhi ne suka yi mamakin. Irmiya ya riga ya fara annabci shekara biyar kafin nan, to me ya sa ba a je wurinsa ba? Talmud, a sashen Megila, ya kawo amsoshi: wani ya ce don mata sun fi tausayi, sarki yana fatan ta sassauta, wani ya ce Irmiya ba ya gari, wani ya ce ai 'yar'uwarsa ce, shi ya sa bai damu ba. A wuri guda kuma wani malami ya zargi Debora da Hulda da girman kai, Debora don ta aika a kira Barak maimakon ta je, Hulda don ta ce a faɗa wa "mutumin" da ya aiko su, ba ta ce sarki ba. Malaman tsakiyar zamani sun sha wahala da alƙalancin Debora, tunda a fiƙihunsu mace ba ta yin shari'a. Wasu suka ce koyar da hukunci kawai take yi, wasu suka ce jama'a ne suka yarda da ita don annabcinta. Duk da haka Talmud ɗin ya lissafa annabawa mata bakwai: Saratu, Maryamu, Debora, Hannatu, Abigel, Hulda da Esta.

Mace tana cin gado a Attaura?

Asalin doka 'ya'ya maza ke gadon ƙasa. A Littafin Ƙidaya sura ta 27, 'ya'yan Zelofehad mata biyar, Mala, Nuwa, Hogla, Milka da Tirza, suka tsaya gaban Musa da shugabanni suka ce mahaifinsu ya rasu ba ɗa namiji, don me sunansa zai ɓace? Amsar da ta zo ita ce sun yi gaskiya, aka mai da ita doka. A sura ta 36 aka ƙara sharaɗi cewa su auri 'yan kabilarsu don kada ƙasar ta fita. Inda akwai ɗa namiji kuwa, 'ya mace ba ta da kaso.

Shin Maryamu Magadaliya karuwa ce da ta tuba?

Babu aya ɗaya a Linjila huɗu da ta faɗi haka. Luka sura ta 8 ya ce an fitar mata da aljanu bakwai, kuma tana cikin matan da suke bin Yesu suna ɗaukar nauyin tafiyar da dukiyarsu, tare da Yuwana matar Kuza wakilin gidan Hirudus, da Suzana. Ana jingina ta ga garinsu Magadala, garin masunta a bakin tafkin Galili, ba a jingina ta ga miji ko uba ba. A ruwayar Linjila tana wurin gicciye lokacin da yawancin almajirai maza suka watse, kuma duka huɗun sun sa ta cikin waɗanda suka fara zuwa kabari. A Yahaya sura ta 20 ita aka aika ta kai wa sauran almajirai labarin tashin Yesu daga matattu.

Kuskuren yana da shekara. A 591 Paparoma Giregori Babba ya yi huɗuba inda ya haɗa mata uku ya mai da su ɗaya: Magadaliya, da Maryamu ta Betanya 'yar'uwar Marta, da wata mace mai zunubi da ba a faɗi sunanta ba a Luka sura ta 7, wadda ta shafa wa Yesu turare a ƙafa. Aljanun bakwai kuma ya fassara su da dukkan miyagun halaye. Cocin gabas, na Girka da makamantansu, ba su taɓa karɓar wannan haɗin ba. A yamma kuwa ya zauna daram kusan shekara 1,400, masu zane suna zana ta da gashi a kwance tana kuka.

Abin bai tsaya a zane ba. Da sunanta aka kafa gidajen tsare matan da aka ce sun lalace. A ƙasar Ailan an tsare dubban mata da 'yan mata a irin waɗannan gidaje suna wanki ba albashi, wasu don sun yi cikin shege, wasu don marayu ne kawai. Na ƙarshe an rufe shi a 1996, gwamnati ta nemi afuwa a 2013. Cocin Katolika ya raba matan uku a kalandar ibadarsa a 1969, a 2016 kuma Paparoma Faransis ya ɗaga ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, zuwa matsayin bikin manzanni. Amma gyara ba ya gudu kamar yadda ƙage ke gudu, har yau ana jin tsohon zancen a wa'azi.

Akwai kuma abin lura a kan shaidarta. Yosifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata. Selsus, wani mai sukar Kiristanci a ƙarni na 2, ya yi ba'a cewa labarin tashin ya rataya ne a kan mace mai taɓin hankali. Jerin shaidun da Bulus ya kawo a 1 Korantiyawa sura ta 15 bai ambaci mace ko ɗaya ba.

To matar Yesu ce, kamar yadda wasu ke yaɗawa?

Babu wani tsohon rubutu da ya ce haka. Linjilar Maryamu, wadda aka sayi kwafinta a Alkahira a 1896, ta nuna ta tana koyar da almajirai, Bitrus yana ƙin yarda, Lawi yana kare ta. Linjilar Filibus, cikin rubutun da aka tono a Nag Hammadi ta ƙasar Masar a 1945, ta kira ta abokiyar tafiyarsa. Dukansu an rubuta su ne bayan zamanin manzanni, coci bai karɓe su ba, kuma amfaninsu shi ne nuna cewa ana gardama a kan shugabancin mata tun ƙarni na 2. Wani guntun takarda da aka bayyana a 2012 mai ɗauke da kalmar "matata" ya tabbata jabu ne.

Mata sun riƙe muƙami a cocin farko?

Wanda yake son amsa ya karanta Romawa sura ta 16, inda Bulus ke gaishe-gaishe wajen shekara ta 57. Ya fara da Fibi, ya kira ta dikon, wato mai hidima, ta ikilisiyar Kankiriya, da kalmar da yake kiran kansa da abokan aikinsa maza da ita, ya ce ta tallafa wa mutane da yawa har da shi. Masana da yawa suna ganin ita ta kai wasiƙar Roma. Sai Bilkisu, wato Firiskila, da mijinta Akila, waɗanda ikilisiya ke taruwa a gidansu. A wurare shida da aka ambace su a Sabon Alkawari, sau huɗu sunanta ne a gaba, kuma Ayyukan Manzanni 18 ya ce su biyun suka zaunar da mai wa'azi Afolos suka gyara masa fahimta.

Sai Yuniya a aya ta 7. Bulus ya ce ita da Andaranikas sun yi kurkuku tare da shi, sun riga shi ba da gaskiya, kuma fitattu ne cikin manzanni. Yahaya Kirisostom, bishop na Kustantiniya da ya rasu a 407, wanda ba a san shi da goyon bayan shugabancin mata ba, ya jinjina wa hikimar wannan mace da har ta cancanci sunan manzo. Daga ƙarni na 13 sai aka fara karanta sunan a matsayin na namiji, Yuniyas. Matin Luta ya bi haka a fassararsa ta Jamusanci. A 1927 fitaccen bugun Sabon Alkawari na Girkanci ya sauya wasalin sunan zuwa na namiji, aka tafi a haka har 1998 da aka mayar. Bambancin ɗigon alama ne wanda tsofaffin kwafi ba su da shi. Sunan Yuniya na mace ya fito a rubutun duwatsun Roma sau fiye da 250, Yuniyas na namiji kuwa ba a same shi ba. Gardamar da ta rage yau ita ce ko ayar na nufin tana cikin manzanni, ko manzanni ne suka san ta.

A wajen Littafi ma akwai shaida. Wajen 112 gwamna Filini ya rubuta wa sarkin Roma Tarajan cewa ya azabtar da bayi mata biyu da Kiristoci ke kira masu hidima. Taron shugabannin coci na Kalsidon a 451 ya kafa doka cewa kada a naɗa mace dikon sai ta kai shekara 40.

To ina ayoyin da suka ce mata su yi shiru?

Suna nan, ba za a share su ba. 1 Korantiyawa 14:34-35 ta ce mata su yi shiru a taro. Matsalar ita ce sura ta 11 ta wannan wasiƙar ta yi maganar mata suna addu'a da annabci, abin da aka nema kawai su rufe kai. Kuma a wasu tsofaffin kwafi ayoyin biyu suna ƙarshen sura, ba a nan ba, shi ya sa wasu masana ke ganin rubutun gefe ne da ya shiga ciki. Wasu sun ce hani ne a kan tambayoyin da ke katse taro. 1 Timoti 2:11-12 ta fi tsauri, ta hana mace koyarwa ko iko a kan namiji. Yawancin masana tarihi na jami'o'i suna ganin an rubuta ta bayan rasuwar Bulus, coci-coci masu riƙo da gargajiya kuwa suna ɗaukar ta tasa ce kuma doka ce ta har abada. Masu ɗaya ra'ayin suna kafa hujja da Galatiyawa 3:28, inda aka ce babu namiji babu mace cikin Almasihu.

Gaskiya ne Yahudanci ya danne mata sai Yesu ya zo ya 'yanta su?

Wannan zance ya yi sauƙi da yawa, kuma an yi amfani da shi wajen cusa ƙin Yahudawa. Yesu Bayahude ne, matan da suka bi shi ma haka. Sarauniya Salome Alekzandara ta mulki Yahudiya daga 76 zuwa 67 kafin miladiyya. A farkon shekarun 1960 an tono takardu 35 na wata Bayahudiya mai suna Babata a wani kogo kusa da Tekun Gishiri, na farkon ƙarni na 2. Sun nuna tana da gonakin dabino, ta ba mijinta rance, ta kai waliyyan ɗanta ƙara gaban gwamnan Roma. Wani rubutun dutse daga Simirna ya kira wata Rufina shugabar majami'a. A Mishna ma an yi saɓani: Ben Azzai ya ce wajibi ne uba ya koya wa 'yarsa Attaura, Rabbi Eliyeza ya ƙi. A kowane ɓangare akwai masu buɗewa da masu rufewa.

Kenan duk laifin na masu sharhi ne, nassin ba shi da wuya?

A'a. Littafin Firistoci sura ta 12 ya sa kwana 40 na tsarki bayan haihuwar namiji, 80 bayan ta mace. Ƙidaya sura ta 30 ta ba uba ko miji ikon warware wa'adin da mace ta yi wa Allah. Sura ta 5 ta wannan littafin ta sa a shayar da matar da miji ke zargi ruwan la'ana, ba a tanadi irin wannan ga miji ba. Labarin 'yar Yefta da na ƙwarƙwarar Balawi a Mahukunta 19 suna da tayar da hankali. A nan sau da yawa masu sharhi ne suka sassauta. Mishna ta ce Yohanan ben Zakkai ya dakatar da shan ruwan la'anar. Malamai suka ƙarfafa takardar aure mai wajabta wa miji biyan kuɗi idan ya yi saki. Wajen shekara ta 1000 aka jingina wa Rabbi Gershom na Mainz dokar da ta hana Yahudawan Turai auren mace fiye da ɗaya da sakin mace ba da yardarta ba.

Ina gardamar ta tsaya a yau?

Ba ta ƙare ba. Regina Yonas ta zama rabbi mace ta farko, wato malamar addinin Yahudawa, a Jamus a 1935, aka kashe ta a sansanin 'yan Nazi na Aushwiz a 1944. Yahudawa masu sassauci a Amurka sun naɗa Sally Priesand a 1972, yayin da yawancin masu tsattsauran riƙo ba su yarda ba har yanzu. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firistoci a 1994 da bishop mace a 2015. A 1994 ɗin dai Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya bayyana cewa cocin Katolika ba shi da ikon naɗa mata firistoci. A Afirka, Mercy Amba Oduyoye 'yar Ghana ta kafa ƙungiyar mata masana tauhidi a Akara a 1989, suna karanta labarin Hajara da Rut da 'ya'yan Zelofehad tare da tambayoyin kishiya, takaba da gadon gona. A coci-cocin arewacin Nijeriya, Zumuntar Mata tana ɗauke da babban kaso na waƙa, ziyara da tara kuɗi, amma batun naɗa mace fasto ya bambanta daga ɗarika zuwa ɗarika, kowacce kuma tana kafa hujja da wasu daga cikin ayoyin da aka kawo a sama.